Babur Ɗinmu: Baƙin Mai, Rariya da Ƙurar Hanya

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata a kan babur ne. Yau da wuya a sami ƙauyen da babu shi. Shi ke kai buhun masara kasuwa, shi ke ɗauko taki, shi ke kai mace mai naƙuda asibiti da tsakar dare, shi ne kuma ƙafar malamin makaranta da mai bishara da malamin gona. Mutum yakan sayar da bijimi, ko amfanin gonarsa na shekara guda, kafin ya saye shi. Amma a zagayen da muke yi, mukan ga mashin da bai cika shekara biyu ba yana hayaƙi kamar an sa wa ɗanyen itace wuta. Mukan kuma ga ɗan'uwansa, kamfani ɗaya, hanya ɗaya suke bi, ya daɗe ƙwarai ba a taɓa buɗe injinsa ba. In an bi sawu, bambancin yakan tsaya a kan abu biyu masu araha, watau lita guda ta baƙin mai, da wani ɗan soso wanda bai fi tafin hannu ba.

Aikin mai a cikin inji

Sa'ad da kuke tafiya a hanya mai kyau, injin ƙaramin babur yana juyawa kamar sau 5,000 a minti ɗaya. Wannan ya fi sau 80 a daƙiƙa guda. Fistin yana hawa yana sauka a cikin bulo, ƙarfe kusa da ƙarfe, kuma abin da ke raba su shi ne shafen mai wanda bai kai kaurin gashin kai ba. In shafen nan ya yanke, ƙarfe ya ci ƙarfe.

Har wa yau, yawancin baburanmu ba su da lagireto kamar mota. Iska ce ke sanyaya su daga waje, mai kuma yana kwashe zafi daga ciki. Ku tuna da watan Maris da Afrilu, ga rana, ga buhu biyu a baya, ga yashi, mashin yana giya ɗaya yana nishi. Gudu babu, saboda haka iska ba ta bugunsa. A irin wannan lokaci mai ne ke ɗauke da yawancin wahalar.

Mai yana wanki kuma. Yana kwashe baƙin hayaƙi da garin ƙarfe ya riƙe su a jikinsa, don kada su daskare a ƙananan hanyoyin da yake bi. Mun saba ce masa baƙin mai, amma sabonsa kamar zuma yake. Dattin da ya kwasa shi ke mai da shi baƙi.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Ƙaramar mota takan sha lita 3 ko 4, na inji kaɗai, giyarta kuwa da nata man dabam. Babur irin su Boxer da CG da Jincheng wajen lita 1 yake sha, roba-roba ma ba ta kai lita ba. Wannan 'yar lita ita ke hidimar inji, ita ke hidimar giya, a cikinta kuma kuloci yake wanka. Haƙoran giya suna tauna man har ya tsinke, kuloci yana zuba masa nasa garin. Domin wannan man babur yana gajiya da wuri fiye da na mota.

Ciko ba juye ba ne

Mukan tambayi mai mashin, "Yaushe ka yi juye?" Sai ya ce, "Ai kullum ina ƙarawa." Bari mu tambayi mai ƙosai. In man tuya ya ƙone, ya yi baƙi, gutsattsarin ƙullu sun kwanta a gindin kasko, ta ƙara sabon mai a kai, kaskon ya cika, gaskiya ne. Amma ƙonannen yana nan, zai kuma ɓata sabon. Haka inji yake. Ciko yana da kyau, gama yana hana mai ya ƙare. Amma juye ne kaɗai ke fitar da datti.

Wannan hali ba a wurinmu aka fara shi ba. A shekarar 1974 kamfanin Honda na Japan ya aiki injiniyoyi biyu su zaga waɗansu ƙasashen Asiya, irin su Tailan, Indonesiya da Pakistan, su ga dalilin da baburansu ba sa ƙarko a can. Suka tarar ana ɗora wa mashin mutum uku ko huɗu da kaya, ana amfani da mai har ya zama kamar kunu, matatar iska ta takarda kuma ta toshe da ƙura ta yi tauri kamar bangon ƙasa. Ba a kai mashin wurin gyara sai ya tsaya. Da suka koma gida suka ƙera CG125, wanda aka fara sayarwa a 1975. Suka yi masa inji mai jure wa tsohon mai, da matatar iska ta soso wadda za a iya wankewa a mayar. Yawancin baburan Caina masu irin wannan inji daga gare shi aka kwaikwayo su. Watau mashin da muke hawa an yi shi domin ya yi haƙuri da mu. Abin da ke ruɗinmu ke nan, gama ba ya kuka da wuri. Kafin ya fara hayaƙi, ɓarnar ta riga ta yi nisa.

Ta ina datti ke shiga?

A nan muke so ku natsu sosai, domin mutane suna kula da mai su manta da ƙofar da ke ɓata shi.

Inji yana numfashi. Kafin ya ƙone lita ɗaya ta fetur yana zuƙar iska wajen lita 9,000. In an auna da duro mai lita 200, duro 45 ke nan. Yanzu ku dubi iskar da ke kan hanyar burji ranar kasuwa, sa'ad da kuke bin bayan babbar mota. Ku dubi ta hunturu, daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da iska ke ɗauko ƙura tun daga hamadar ƙasar Cadi ta rufe mana rana. Ƙura ba gari mai laushi ba ce kamar yadda take a hannu. Garin dutse ce da yashi, kuma ƙwayar yashi ta fi ƙarfen inji tauri. In ta shiga ta gauraye da mai, sai man ya zama abin wasa wuƙa. Zai cinye ringi, ya goge bulo, ya ci bawul. Daga nan mai ya fara wucewa sama yana ƙonewa, shuɗin hayaƙi ya fito ta salansa. Sai a ce man ba shi da kyau, alhali kuwa ƙofa aka bari a buɗe.

Ƙofar nan ita ce matatar iska, wadda makanikai ke kira eya-kilina. Tana cikin wani akwatin roba a ƙarƙashin kujera ko a gefe. Iri biyu ce.

In ta soso ce, ku cire ta ku wanke da kananzir, ko da ruwan ɗumi da sabulu. Kada ku wanke da fetur, gama yana cin soso, ga kuma haɗarin gobara. Ku matse ta a tafin hannu, kada ku murɗe kamar wanki, za ta yage. Ku shanya a inuwa ta bushe sarai. Sa'an nan sai abin da kusan kowa ke tsallakewa: ku zuba mata sabon baƙin mai kaɗan, ku mammatsa har ya game ko'ina, ku matse ragowar. Ta yi danshi, amma kada ta riƙa ɗiga. Soso busasshe yana tare ciyawa da ƙwari, amma ƙura mai laushi wucewa take yi. Man da ke jikinsa shi ne tarkon, kamar yadda danƙo ke kama tsuntsu.

In ta takarda ce, ruwa ba ya taɓa ta, mai ma haka. A ɗan bubbuga ta a hankali ƙura ta zube. In ta yi baƙi ko ta huje, sai sabuwa. Waɗansu sababbin mashina suna zuwa da takarda mai maiƙo tun daga kamfani. Irin wannan ba a share ta, canzawa ake yi.

Da rani, mai bin hanyar ƙasa ya duba matatar nan kowane mako. Aikin minti goma ne. In ta toshe, mashin zai rasa ƙarfi, ya sha fetur, ya yi baƙin hayaƙi, fulogi ya riƙa yin baƙi. A nan ne waɗansu ke yin babban kuskure. Sai su cire soson su jefar, mashin ya buɗe murya, su ce ya warke. Waɗansu kuma su yanko soson katifa su cusa. Soson katifa ba a yi shi domin mai da tururin fetur ba, yakan ruɓe ya marmashe, inji ya zuƙe shi.

Ku duba kuma robar da ta haɗa akwatin da kafireto. Rana takan busar da ita ta tsage, ko ɗaurinta ya saki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ga gwaji mai sauƙi. In kun cire soso, ku sa yatsa mai tsabta ku shafa cikin bututun da ke bayansa, wajen da ya nufi kafireto. In yatsa ya fito da ƙura, akwai inda take satar hanya. Ku neme shi ranar nan. Mashin da ya daɗe a ajiye kuma, a leƙa akwatin kafin a tayar, gama ɓera da zanzaro suna son wurin.

Rariya da majaujawa

Mutane sukan ce babur ba shi da matatar mai. Yana da ita, sai dai ba gwangwani ba ce irin ta mota. Yawancin ƙananan mashina suna da abu biyu.

Na fari wata 'yar rariya ce ta waya, a ƙasan inji, inda famfo ke zuƙar mai. Aikinta tare manyan gutsattsari. A inji irin na CG tana bayan wani babban murfi a gefen hagu daga ƙasa. In an kwance murfin, sifirin da rariya za su biyo mai su faɗo cikin kwano, saboda haka kada ku zubar da man kafin ku tsamo su. A wanke ta da kananzir, a duba ko ta huje, a mayar da su yadda suka fito, bakin roba yana fuskantar inji. In rariya ta toshe, famfo ba zai sami mai ba, ko da inji cike yake. Kan inji, wanda ya fi kowane wuri nisa da zafi, shi zai fara jin ƙishi.

Na biyu yana ɓoye a bayan murfin inji na dama. Wani ɗan kofi ne da ke juyawa tare da inji. Mai yana bi ta cikinsa, juyin kuma yana wurga datti mai nauyi zuwa bango kamar majaujawa, ya manne a can. A hankali dattin yakan taru ya yi tauri kamar yumɓu. In kofin ya cika, ya daina aiki, datti sai ya yi ta zagayawa. Wannan aikin makanike ne, yana kuma bukatar sabon gasket. A yi shi bayan kilomita 10,000 zuwa 12,000, ko sau ɗaya a shekara. Ku tsaya a wurin ku ga abin da za a kankaro. Wanda ya gani da idonsa sau ɗaya ba ya sake jayayya a kan juye.

Waɗansu sababbin mashina suna da 'yar matatar mai ta takarda a bayan ƙaramin murfi. Ita ba a wanke ta, sai a sa sabuwa.

Yadda ake juye

Ku tayar da mashin ya yi minti uku zuwa biyar, domin mai mai ɗumi ya fi gudu, ya fi kuma fitowa da datti. Ku kashe, ku kafa shi a ƙafarsa ta tsakiya a wuri mai daidai. Ku share ƙasa da ke kewaye da murfin sama kafin ku buɗe. Ku sa kwano a ƙasa, ku kwance notin juye da sifana daidai bakinsa, ba da filaya ko kurfi da guduma ba. Ku ba shi lokaci ya tsiyaye, ku ɗan karkata mashin hagu da dama. Ba mu yarda da al'adar zuba kananzir a tayar da inji wai don a wanke shi ba. Kananzir ba ya raba ƙarfe da ƙarfe, ragowarsa kuma za ta tsinka sabon mai.

Wajen mayar da noti, ku fara da yatsu har ya zauna, sa'an nan sifana. Akwai 'yar washa a jikinsa, ita ke hana yoyo, in ta lalace a sake ta. Jikin inji alminiyam ne, ba shi da taurin noti. Wanda ya hau sifana da ƙafa zai cinye haƙoran ramin, gyaran kuwa ya fi kuɗin juye da yawa.

Ku zuba sabon mai da mazurari mai tsabta, gwargwadon abin da aka rubuta a littafin mashin ko a jikin injin. Ku tayar minti biyu, ku kashe, ku jira minti biyu ko uku, sa'an nan ku auna. A yawancin mashina ana goge sandar awo, a sa ta ba tare da an murɗa ba, a ciro a duba. Mai ya tsaya tsakanin zane biyu. Waɗansu suna da 'yar tagar gilashi a gefe. Mai da ya wuce zane ba alheri ba ne, yana kumfa, yana fasa roba, yana kuma hawa cikin akwatin iska.

Kafin ku kawar da kwanon, ku kai shi rana ku duba. Baƙi kawai ba laifi. In ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, watakila wajen ƙetare rafi da damina. A sake juye bayan 'yar tafiya kaɗan har ya washe. In ya tsinke yana warin fetur, kafireto yana yoyo cikin inji, ku riƙa rufe makullin fetur da dare, ku kuma kai a duba. In kuwa kun ga yana ƙyalli da ɓarɓashin ƙarfe, kada ku jira kasuwa ta gaba.

Yaushe?

Sabon mashin, ko wanda aka sa wa sabon fistin da ringi, a yi masa juye na fari tsakanin kilomita 500 da 1,000, gama sababbin ƙarafa suna goge juna suna zubar da gari. Bayan haka littattafan kamfanoni sukan ba da kilomita 3,000 ko 4,000, waɗansu fiye, amma suna gargaɗi cewa mai bin ƙura ya yi hidima kafin lokacin. Shawararmu ga mai hanyar ƙauye da kaya ita ce kada ya wuce kilomita 1,500. Ɗan acaɓa mai yin kilomita 100 a yini zai kai wannan cikin kwana 15.

Mun san agogon mashina da yawa ya mutu tun tuni. To, a ƙidaya da fetur. Ƙaramin babur yakan yi kilomita 40 zuwa 50 da lita ɗaya. Lita 30 ke nan ta kai ku kilomita 1,200 zuwa 1,500. Ku ajiye gwangwani a bakin ƙofa, kowace lita kuka sha ku jefa tsakuwa ɗaya. Ranar da tsakuwa ta kai 30, ranar juye ce. Wanda ba ya yawan tafiya ya yi juye sau biyu a shekara, kafin damina da bayan girbi, domin mai yana lalacewa ko a zaune. Awo kuwa kowace safiya ne kafin doguwar tafiya.

Masu noman fadama, injin ban-ruwa ɗan'uwan babur ne. Nasa lissafin da awa ake yi: juye na fari bayan awa 20, sa'an nan kada a wuce awa 100.

Wane mai za mu saya?

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu 2023 kuɗin tafiya ya yi nauyi, mutane da yawa suka koma sayen mai na awo a kwalba a bakin hanya. Ba mu ce duk mai sayarwa macuci ne ba. Amma mai a buɗaɗɗiyar kwalba ba shi da suna, ba wanda zai gaya muku ko tsohon mai ne aka tace, ko kuwa ɗanye ne wanda ba a sa masa magungunan da ke hana shi tsinkewa ba. Yatsa ba ya gane wannan. Kauri a sanyi ba shaida ba ce, sau da yawa kallon kitse ake yi wa rogo. Ku sayi na roba mai hatimi, a buɗe a gabanku, in ya ƙare ku huda robar don kada a sake cika ta da wani abu. In kuɗi bai kai ba, mutum huɗu su haɗa su sayi galan mai lita 4, ya fi araha.

A jikin roba za ku ga lamba kamar 20W-50 ko 10W-30. Ta farko tana nuna yadda man ke gudu da sanyi, ta biyu kaurinsa in inji ya yi zafi. Ku bi wadda littafin mashin ɗinku ya faɗa. A wurare masu sanyi kamar Jos da Mambila, a bar mashin ya yi minti ɗaya ko biyu da safe kafin a murɗa masa wuta, domin mai ya isa sama. Ku nemi kuma rubutun JASO MA ko MA2. Wannan ma'auni ne da aka kafa a Japan a 1998 domin baburan da kulocinsu ke cikin mai. Waɗansu man motoci na zamani suna da santsi fiye da kima, sukan sa kuloci ya riƙa zamewa, inji yana ihu mashin ba ya gaba. Man 2T kuwa na tsofaffin mashina ne irin su Vespa, masu ƙona mai tare da fetur. Ba a zuba shi a wurin man juye.

Tsohon mai

Saura abin da ke cikin kwano. Tsohon mai yana ɗauke da garin ƙarfe da dafin hayaƙi, yawan taɓa fata da shi kuma yana iya kawo ciwon daji na fata. Ku wanke hannu da sabulu, ba da fetur ba. Muna roƙonku kada ku shafa wa shanu ko awaki don kaska ko ƙazuwa, gama suna lasa, yana kuma shiga ta miki. Akwai maganin wannan wurin malamin dabbobi. Kada a zuba shi kusa da rijiya, ko a kwata, ko a rafi, domin kaɗan daga cikinsa yana ɓata ruwa mai yawan gaske, ƙasar da ya jiƙa kuma ba ta fid da shuka. Ku zuba a jarka mai murfi, ku rubuta a jikinta, ku ajiye inda yara ba sa kaiwa, nesa da rumbu da murhu. Kada a sa shi a kwalbar lemo. In kaka ta wuce za ku iya shafa kaɗan a bakin garma da fartanya don tsatsa, a goge kafin a shiga gona. Ragowar ku kai wa makanike ko gidan mai inda ake tarawa.